Ɗan Acaɓa da Garin da ke Hawan Bayansa

Kafin ladan ya yi kiran assalatu ɗan acaɓa ya riga ya farka, domin tun cikin barci lissafi ke tashinsa. Idan lokacin hunturu ne, zai naɗe kansa da rawani ko wani tsohon mayafi, ya ɗora riga kan riga, ya tura babur zuwa ƙofar gida ba tare da ya tayar da shi ba, don kada ƙarar ta tashi yara da maƙwabta. A nan zai duƙa ya matsa taya da babban yatsa, ya taɓa sarƙa ya ji ko ta saki, ya girgiza tanki yana sauraren abin da ya rage na man jiya. Bayan sallah sai ya nufi bakin titi, inda fasinjojin farko ke jira: mahauci mai sammakon kwata, mai ƙosai da bokitin ƙullunta, ma'aikacin jinya da ya kwana a bakin aiki, matafiyi mai son ya riski motar farko a tasha. Waɗannan su ne mutanen da gari ke dogara da su kafin ya buɗe ido, su kuma da shi suke dogara.

Abin da mafi yawan masu hawa ba su sani ba shi ne, a daidai lokacin da ya buga kik ɗin farko, da bashi ya fara wuninsa. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a ba su ne masu baburan ba. Akwai maigida, wani ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya sayi babur ya ba shi, bisa sharaɗin ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako, ko an samu ko ba a samu ba. Wani kuma an ba shi ne a kan zai biya kuɗin babur da riba sannu a hankali har ya zama nasa, kuma idan ya gaza na 'yan makonni, ana iya karɓe abin ba tare da an waiwayi abin da ya riga ya zuba ba. Saboda haka awannin farko na kowace rana ba nasa ba ne. Sai ya haɗa balas, ya mayar da kuɗin man da ya sha, ya yanki tikitin ƙungiya, a wasu wurare da na ƙaramar hukuma, sannan ne abin da ya shigo aljihu zai fara zama na cefane. Idan taya ta yi faci da hantsi, ko wani jami'i ya tare shi a mahaɗa ya zare makulli, to ranar ta tafi, sai dai a yi fatan gobe.

Wannan lissafi ya ƙara tsauri tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka bayyana janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a garuruwa da dama. Mai shago yana iya sauya farashin sukari da safe, mai saye ya yi ƙorafi ya biya, amma ɗan acaɓa ba shi da wannan dama. Fasinjansa talaka ne irinsa, kuma yana da wani zaɓi da ba ya cin ko kwabo, wato ƙafarsa. Ɗalibi da a da yake hawa zuwa makaranta yanzu takawa yake yi, magidanci kuma ya haɗa aike uku a fita ɗaya. Don haka kuɗin hawa bai tashi daidai da tashin mai ba, kuma giɓin da ke tsakani daga cikin tukunyar ɗan acaɓa ake cike shi. Shi ya sa ake ganinsa yana kashe inji a gangara, yana sayen mai kwalba-kwalba a wurin 'yan bumburutu duk da ya san ya fi tsada, domin ba ya taɓa tara abin da zai cika tanki a lokaci guda. Shi ya sa kuma ya rage yawon neman fasinja, ya koma zaman jira a ƙarƙashin darbejiya.

Wannan zaman jira shi ne majalisarsa, kuma duk mai son sanin halin da gari ke ciki zai ƙaru idan ya zauna kusa. A nan ake sanin unguwar da aka yi sata jiya, da layin da ruwa ya cinye, da gidan man da litarsa ba ta cika, da ɗan siyasar da ya fara raba shinkafa alamar yana da wata bukata. Ɗan acaɓa ya san gari sanin da babu taswirar da ta kai shi. A unguwannin da ba a raɗa wa layuka suna ba, ba a kuma lambata gidaje ba, shi ne adireshi: a ce masa bayan masallacin Juma'a, kusa da mai injin markaɗe, gida mai jan ƙyaure, ya kai mutum har ƙofa. Yakan ɗauki yaran gida ɗaya zuwa makaranta shekara da shekaru, har iyaye su daina rakiya. Yakan kai kuɗin cefane daga kasuwa zuwa gida, ya karɓo magani, ya kai abincin mai jego asibiti. Amanar da ake ba shi a rana guda, da za a ƙirga ta, ta fi ta wasu masu ofis da kujera mai juyawa.

Duk da haka, fasinja ƙeyarsa kawai ya sani. Ana kiransa da tafi ko da tsaki, ko a ce "kai, mai mashin," alhali shi yana amsawa da "Alhaji, ina muka nufa?" ko "Hajiya, a gyara zama." Idan ya je neman aure, sana'arsa ce abin da dangin yarinya za su fara tauna wa. Idan aka yi hatsari, kafin a tambayi yadda abin ya faru an riga an yanke hukunci a kansa. Shi ma ya san da haka, kuma yana cikin abin da yake saƙawa a ransa tsakanin fasinja da fasinja. Kusan babu ɗan acaɓar da ya ɗauki wannan aiki a matsayin inda zai tsufa. Kowa yana cewa kafin Allah ya kawo wata hanya ne: kafin a haɗa jarin shago, kafin damina ta faɗi a koma gona, kafin takardar difloma ko ta NCE da ke ƙarƙashin katifa ta yi amfani. Sai shekara ta bi shekara, gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara ja saboda ƙura da iska, ƙirji ya riƙe tari, ana nan ana jiran wata hanyar.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, yadda hukumomi da jama'a ke mu'amala da wannan mutum ya ginu ne a kan rashin adalci da kuma kuskuren fahimta. An mayar da shi matsala da za a kawar, an manta cewa wata matsalar ce ta haife shi, kuma tana nan ko an kore shi.

Tarihin abin ba shi da tsawo. A tsakiyar shekarun 1970, bayan ƙarin albashin Udoji, babur alamar rufin asiri ne. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin gona suna sayen Vespa ko Honda ko Suzuki, su wanke shi ranar Asabar, su hau zuwa aiki ranar Litinin, ba wanda ya yi tunanin ɗaukar baƙo a baya don kuɗi. Abin ya sauya bayan faɗuwar farashin mai a kasuwar duniya da shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986. Darajar naira ta zube, sabuwar mota da kayan gyaranta suka gagari masu tasi da bas, masaƙu da sauran masana'antu a Kano da Kaduna suka fara sallamar ma'aikata, garuruwa kuma suka ci gaba da faɗaɗa zuwa unguwannin da babu kwalta. Ma'aikacin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata ya fara fita da baburinsa bayan an tashi aiki, wanda aka sallama kuma ya mayar da abin sana'a. Daga baya baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya mamaye saboda juriya da ƙarancin shan mai. A kudu aka kira sana'ar okada, daga sunan wani kamfanin jiragen sama na wancan zamani, a Kano da kewaye aka ce acaɓa, a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar kuma kabu-kabu.

Akwai kuma hannun 'yan siyasa, wanda ba a cika son tunawa da shi ba. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, rabon babura ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ake kira tallafa wa matasa. A jera su a filin wasa, a kira 'yan jarida, a miƙa makulli ana tafi. Ba a tambayi wanda aka bai wa ko ya iya tuƙi ba, ba a ba shi lasisi ba, ba a koya masa ko alamar hanya ɗaya ba. Lokacin yaƙin neman zaɓe shi ne a gaban ayari, yana busa ham, an ɗaura masa tuta a madubi. Wanda ya raba baburan da wanda ya sa hannu a dokar hana su sau da yawa 'yan gida ɗaya ne, wani lokacin ma kujera ɗaya suka zauna.

Faɗin haka ba ya wanke ɗan acaɓa daga laifinsa, kuma duk wanda ya kare shi ta hanyar ɓoye laifin bai yi masa gata ba. Ganganci a cikin sana'ar gaskiya ne. Ana bin hannun da ba na bi ba, ana kutsawa tsakanin tirela da tirela, ana ɗora mutum uku da buhun masara a kan abin da aka ƙera don mutum biyu. Akwai yaran da ƙafarsu da ƙyar take taɓa ƙasa amma suna ɗaukar fasinja. Akwai masu haɗiyar ƙwaya irin su tiramol don su jure zafin rana da gajiya, har jurewar ta koma jaraba. Mafi muni shi ne ɗabi'ar taron dangi: mota ta goge ɗaya daga cikinsu, kafin ƙiftawar ido hamsin sun kewaye direba, babu mai tambayar wa ke da gaskiya. Wannan ɗabi'a ta jawo musu ƙiyayyar mutanen da a da suke tausaya musu. Wanda ya taɓa shiga Asibitin Ƙashi na Dala, ko ya leƙa zauren wani maɗori a ƙauye, ya ga abin da babur ke yi wa ƙafar ɗan Adam, kuma ba mahayin kaɗai ke kwance a wurin ba, har da fasinjan da bai ji ba bai gani ba.

Amma ya kamata a tambayi inda gaggawar ta samo asali. Mutumin da ake biya bisa yawan zuwa da dawowa, wanda balas ke jiransa da magariba ko an yi ruwa ko an yi rana, an riga an ɗora masa dalilin gudu tun kafin ya hau. Wanda bai taɓa zama a gaban mai koyarwa ba, a fili ya koyi tuƙi cikin kwana uku a hannun abokinsa, ba za a yi mamaki ba idan bai san haƙƙin mai tafiya a ƙasa ba. Taron dangin ma, duk da muninsa, ya tsiro ne daga yaƙinin da suke da shi cewa idan mai mota ya take ɗayansu, babu ofishin da zai shiga a saurare shi. Gyaran waɗannan abubuwa aiki ne mai cin lokaci da kuɗi da haƙuri, kuma ba ya kawo tafi. Hani kuwa sanarwa ɗaya ce a rediyo.

Labarin hular kwano ya isa misali. A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa mahaya babur da fasinjojinsu sanya hular. Manufar mai kyau ce, domin raunin kai shi ne ke kashe mafi yawan waɗanda suka faɗi daga babur. Sai dai an fara da kame kafin a fara da bayani. Farashin hular ya yi tsalle a kasuwa, jita-jita ta bazu cewa ana iya yi wa mutum asiri ta cikinta, mata suka ƙi ɗora abin da kan wani ya jiƙe da gumi a kan ɗankwalinsu, har aka ga mahaya suna kifa ƙwarya da tukwanen roba a ka don su wuce shingen jami'ai. Jaridun duniya suka yi dariya, bayan 'yan watanni kuma dokar ta yi sanyi a yawancin garuruwan Arewa. Da an bi ta hannun ƙungiyoyinsu da limamai da masu unguwanni, an sauƙaƙa farashi, an nemo irin hular da ta dace da zafin wannan yanki, da wataƙila yau ba a ganin sanya ta a matsayin baƙon abu. Rayukan da aka rasa tsakanin wancan lokaci da yanzu saboda raunin kai ba a rubuta su a lissafin kowa ba.

Hanin kansa ya zo ne kashi-kashi, kowane da dalilinsa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka yi ta taƙaddama tsakaninsu da 'yan Hisba, aka kuma shigo da babura masu ƙafa uku waɗanda har yau ake kira da sunan shirin gyaran tarbiyya na wancan lokaci, A Daidaita Sahu. A 2006 aka kore su daga tsakiyar birnin Abuja zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, bayan 'yan bindiga sun mayar da shi abin kai hari su tsere. A Kano kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a ranar 19 ga Janairu, 2013, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta sana'ar a cikin birni cikin 'yan kwanaki. A Nijar dokar ta-ɓaci da aka kafa a jihar Diffa a Fabrairun 2015 ta haɗa da hana babura, daga baya aka yi irin haka a wasu sassan Tillaberi. A Yulin 2022 har gwamnatin tarayyar Nijeriya ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa, ko da yake maganar ba ta kai ga aiki ba.

Ba adalci ba ne a ce duk waɗannan matakai ba su da tushe. Wanda ya zauna a Kano ko Maiduguri a waɗancan shekaru ya san irin faɗuwar gaban da mutum ke ji idan babur mai goyo ya rage gudu kusa da shi. Gwamnan da ake kashe masa 'yan sanda a bakin aiki ba shi da lokacin dogon nazari, kuma harbi daga kan babur ya ragu a waɗannan birane bayan hanin. Inda kuskuren yake shi ne a abin da ya biyo baya. Matakin da aka ɗauka don gaggawa ya zama na dindindin, ba tare da an koma an tambayi ina dubban mutanen da aka raba da abincinsu suka nufa ba. A Diffa an haɗa hanin babur da taƙaita cinikin kifi da tattasai, wato aka toshe wa saurayi manyan ƙofofin neman halak a daidai lokacin da masu ɗauke da makami ke neman wanda za su ɗauka da alkawarin kuɗi, wani lokacin ma da alkawarin babur. Hukumar da ke yaƙi da tayar da ƙayar baya ba ta da abin da ya fi mata haɗari kamar saurayi mai ƙarfi, mai fushi, wanda ba shi da abin yi.

Waɗanda aka kora ba su ɓace ba. Masu ɗan hali sun koma A Daidaita Sahu, wanda kuɗinsa ya ninka na babur, don haka bashin ya ƙara nauyi, balas ya ƙaru, cunkoson da aka ce babur ke haddasawa kuma ya dawo da ƙafa uku. Rikicin haraji ma ya bi su can, kamar yadda yajin aikin da suka yi a Kano a 2021 da 2022 ya nuna, lokacin da gari ya wayi gari ɗalibai da ma'aikata suna tafiya a ƙasa. Wasu suka koma ƙananan garuruwa suka cunkushe da waɗanda suka tarar. Wasu kuma suka ɗora baburansu a kan manyan motoci suka yi kudu. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an jihar Legas sun tare wata mota ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga Jigawa, aka baza hotunansu suna zaune a ƙasa kamar waɗanda aka kama da laifi, daga baya aka sake su domin ba a same su da komai ba. A Fabrairun 2020 Legas ta hana sana'ar a manyan sassanta, ta sake tsaurarawa a Yunin 2022, ana kama babura ana niƙe su a bainar jama'a. Kowane babur da aka niƙe jarin wani gida ne a Haɗeja ko Gumel ko wani ƙauyen Katsina, watakila kuɗin sa ko na gonar da aka jinginar. Cirani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, amma ɗan ciranin da ya tafi da babur ya fi kakansa da ya tafi da sanda da buta shiga haɗari, domin dukiyarsa a fili take, kuma harshensa da kamanninsa sun isa a tuhume shi.

A karkara kuwa maganar ta wuce ta sufuri. A ƙauyen da motar haya ke shiga ranar kasuwa kawai, babur ne motar asibiti. A kansa ake ɗora mai naƙudar da haihuwa ta gagara, a zaunar da ita tsakanin mahayi da wata 'yar'uwarta, a bi burtali cikin dare. A kansa ake kai buhun taki gona, a fito da tumatir bakin titi kafin ya lalace, a kai akuya kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Ɗambatta ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis. Malamin firamare da ma'aikaciyar rigakafi da shi suke isa inda aka tura su. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindigar daji ke tafiya cikin ayarin babura, ɗan acaɓa ya shiga tsaka mai wuya. Ɗan bindiga yana tare shi ya ƙwace babur, ko ya tilasta masa kai saƙo, jami'in tsaro kuma yana kallonsa a matsayin ɗan leƙen asiri ko mai kai wa daji mai. Matakan da jihohin suka ɗauka a 2021, na taƙaita zirga-zirgar babura da hana sayar da mai a jarka, sun fi cin mutumin da ke bin doka, domin wanda ke cikin daji da bindiga ba sanarwar rediyo yake saurare ba.

Abin da ya kamata a yi ba sabon ilimi ba ne. A Kigali, babban birnin Ruwanda, babura na haya suna aiki a tsakiyar gari, kowane mahayi da riga mai lamba, da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja, kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya. Ba a ce a kwafo tsarin wata ƙasa dungurungum ba, amma misalin ya nuna cewa akwai wani abu tsakanin sakaci da haramci. Ƙasar Hausa ma tana da abin da za a gina a kai. Mai unguwa da dagaci sun san 'ya'yan kowa, kuma rajistar da ta fara daga wurinsu, ta bi ta ƙungiya, ta ƙare a ƙaramar hukuma, za ta raba mai neman abinci da mai fakewa da sana'ar fiye da yadda shingen kan hanya zai yi. Lasisi ya zama mai araha, a haɗa shi da horo na 'yan kwanaki cikin harshen Hausa. A ware manyan tituna masu gudu inda babur ba zai hau ba, a bar masa lunguna da unguwannin bayan gari inda babu mai maye gurbinsa. A sa ido kan yarjejeniyar da ke tsakanin mai babur da mahayi, ta zama a rubuce da shaidu, don kada mutum ya biya kashi uku cikin huɗu a ƙwace a ce bai biya komai ba.

Ƙungiyoyinsu ma akwai tambayar da ke jiransu. Kullum ana yankar tikiti, shekara da shekaru, a kowace tasha. Mahayin da ya karye yana kwance wata uku yana da haƙƙin ya san abin da wannan kuɗi ya tanadar masa. A mafi yawan lokuta abin da ke kai masa ɗauki shi ne karo-karon abokan tasha da adashen da suke yi a tsakaninsu, wanda ke nuna cewa son taimakon juna yana nan, amintaccen tsari ne babu. Ƙungiyar da ke iya tara mutum dubu don tarben ɗan takara tana iya buɗe asusun jinya, tana kuma iya hana yaro ɗan shekara goma sha uku ɗaukar fasinja, idan shugabanninta sun ga dama.

Akwai wani gefe da ya shafi masu nazarin harshe da al'ada kai tsaye. An yi rubuce-rubuce masu yawa a sassan Hausa na jami'o'i kan sana'o'in gargajiya, ƙira da jima da saƙa da dukanci da fawa, har da waɗanda suka kusa shuɗewa, kuma hakan daidai ne. Amma sana'ar da ta ci shekara kusan arba'in tana ciyar da gidaje a kowane gari ta cancanci irin wannan kulawa. Tana da kalmominta na sassan inji da aka Hausantar, da salon cinikinta, da zaurancen da mahaya ke yi don gargaɗin juna idan jami'ai na gaba, da rubuce-rubucen hikima da addu'a da habaici da ake liƙawa a jikin tanki da bayan kujera. Tana da tsarin shugabanci da ladabtarwa a tasha, wanda ya ɗauko wani abu daga tsohon tsarin sarkin sana'a, ya ɗauko wani daga ƙungiyoyin ƙwadago. Mahayan farko, waɗanda suka fara a shekarun 1980, yanzu dattawa ne, kuma abin da suka sani game da yadda garuruwan Arewa suka sauya yana tafiya tare da su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sallar isha ɗan acaɓa yakan tsaya a ƙarƙashin fitilar wani mai shayi ya zazzage aljihu. Zai jera tsofaffin takardun kuɗi a kan cinya, ya ware na maigida, ya ware na man gobe, ya ware zubin adashe, sannan ya dubi abin da ya rage. Idan da saura, zai biya ta wurin mai awo ya sayi abin da za a ɗora da safe. Idan babu, zai tsaya yana shawara da kansa ko ya ƙara awa ɗaya, duk da ya san dare ne lokacin masu ƙwacen babur, waɗanda ke hawa kamar fasinja su kai mutum inda babu kowa. Yawanci yakan ƙara awar. Idan ya isa gida sai ya kashe inji tun daga bakin layi, ya tura babur zuwa cikin zaure, ya ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo, ya shiga ya tarar yaran da ya bari suna barci da asuba sun sake yin barci.